Anza: Halittarta, Amfaninta da Noman Itaciyar da Ba a Tunawa da Ita Sai Ranar Yunwa

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan tsirran Sahel da wadatar abinci

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin anza, ƙaramar itaciyar jeji da masana tsirrai ke kira Boscia senegalensis, wadda ke fitowa tun daga Sanagal har zuwa Habasha. An bayyana siffarta da muhallinta, an bi sawun cin 'ya'yanta a shekarun yunwa, an kuma duba abin da bincike ya tabbatar game da sinadaran da ke cikinta. Maƙalar ta nuna cewa ɗacin da ya sa ake raina anza shi ne ke kare ta daga bakin dabbobi, shi ne kuma ke kashe ƙwaron wake a rumbu. Ta gano abubuwa uku da suka hana anza shiga sahun amfanin gona: wahalar cire ɗaci, irin da ba ya jure bushewa, da kunyar da aka liƙa wa cinta. An rufe da shawarwari ga masu bincike da malaman gona da hukumomin gandun daji.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Tanut a watan Afrilu ya san yadda ƙasa ke komawa. Ciyawa ta ƙone, dabbobi sun cinye karan gero, iska na ɗibar rairayi tana watsa wa matafiyi a fuska, zafi kuwa yakan haura digiri 40. A tsakiyar wannan ƙasa da ta yi fari fat, ido zai riƙa cin karo da wasu gajerun itatuwa dunƙule-dunƙule, kore shar, kamar ba su san halin da ake ciki ba. Ba wanda ya shuka su, ba mai yi musu ban ruwa. Anza ke nan.

Mutanen karkarar Nijar da na arewacin Katsina, Sakkwato, Yobe da Barno sun san ta, amma sanin da aka yi mata na ranar tsanani ne. Idan aka ce mutanen gari kaza sun koma cin anza, kowa ya gane cewa rumbuna sun yi ƙasa. Yaran birni kuwa da yawa ba su taɓa jin sunan ba. A littattafan koyar da aikin gona ba ta da babi, a tashoshin bincike ba ta da fili irin na gero da wake, ko da yake tana tohowa a bakin katangar wasu daga cikinsu.

Manufar wannan maƙala ita ce a ɗauko anza daga wannan matsayi a dube ta kamar yadda ake duban kowane amfanin gona: mece ce ita, me take bayarwa, me kuma ya hana a noma ta.

2.0 Suna da Dangi

Hausawa na kiran itaciyar anza ko hanza, 'ya'yanta kuma dilo. Zabarmawa ma anza suke cewa. Fulani na kiranta gigile, Bambara bere, Larabawan Sudan mukhait, a Muritaniya kuma aizen. Yawan sunayen nan shaida ce cewa duk al'ummar da ta zauna a gefen Sahara ta yi hulɗa da ita har ta raɗa mata suna. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya zamanin Turawa, ya rubuta sunan anza a ƙamusunsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda ya fito a 1916.

Sunanta na kimiyya ya samo asali daga Faransa. Lamarck ne ya raɗa wa jinsin suna Boscia don girmama masanin halitta Louis Bosc, kashi na biyu na sunan kuma yana nuni da Sanagal. Tana cikin dangin da ake kira Capparaceae, kuma 'yan'uwanta ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa: jiga, bagayi da zure duk gida ɗaya suka fito. Abin lura shi ne dukkansu tsirrai ne masu jure fari, dukkansu kuma ana cin ganyensu ko 'ya'yansu.

2.1 Siffa

Anza takan kai mita 2 zuwa 4, ba kasafai take wuce haka ba. Daga gindi take rarrabuwa zuwa rassa da yawa masu launin toka, shi ya sa daga nesa take kama da kwandon da aka kifa. Ganyenta mai kauri ne da tauri kamar fata, tsawonsa kan kai santimita 12, faɗinsa kimanin 4, jijiyoyinsa farare sun fito raɗau. Wanda ya murza shi a hannu zai ji wani wari mai hawa hanci. Ba ta kaɗe ganye rani da damina, kuma saiwarta na nutsawa ƙasa sosai, inda take samun danshin da gero ba ya kai wa gare shi.

Furenta shi ne abin da ya fi ba masu nazari mamaki. Yawancin tsirran Sahel suna fure da damina, ita kuwa sai ruwa ya ɗauke, sanyin hunturu ya fara shigowa, sannan take hudowa. Furannin ƙanana ne, kore mai ɗan ratsin rawaya, a cunkushe a ƙarshen reshe. Ba su da fallayen ado irin na furen lambu: ganyen kariya huɗu ne kawai, sai zaruruwan namiji da suka bazu kamar gashin buroshi, da 'yar mahaifa a kan siririn tsinke a tsakiya. Ƙamshinsu mai ƙarfi ne, yana jawo ƙudaje da ƙudan zuma a lokacin da fure ya yi ƙaranci a jeji.

Daga nan 'ya'yan kan ɗauki watanni suna girma a cikin tsananin rani. Kewayayyu ne, faɗinsu santimita 1 zuwa 2, suna fitowa a dunƙule kamar nonon inabi. Da farko kore ne, idan sun nuna su koma rawaya. A ƙarƙashin ɓawon akwai ɗan nama mai yauƙi da zaƙi wanda yara da tsuntsaye ke sha, a ciki kuma ƙwaya ɗaya zuwa huɗu masu launin kore. Nunarsu kan zo daidai da faɗuwar damina, wato lokacin da manomi ya zuba iri a ƙasa, tsohon hatsi ya ƙare, sabo kuma saura wata uku.

2.2 Muhalli

Anza na tsirowa a Muritaniya, Sanagal, Mali, Barkina Faso, Nijar, arewacin Nijeriya da na Kamaru, Cadi, Sudan har zuwa Habasha da Somaliya. Ta fi yawa inda ruwan shekara ke tsakanin milimita 100 zuwa 500. A ɓangaren ƙasa na wannan ma'auni gero ma ba ya yi. Ba ta zaɓen ƙasa: ana ganin ta a jigawa, a kan marmara, a cikin tsakuwa, a fako inda ruwa ke gudu ba ya shiga, kuma tana son tsohon suri. A wuraren da kiwo ya yi yawa har sauran itatuwa suka ƙare, sau da yawa ita ce ke saura, domin shanu ba sa son ganyenta. Awaki da raƙuma kan taɓa shi, amma sai rani ya yi nisa.

3.0 Anza a Tarihin Yunwa

Ƙasar Hausa ta san yunwa har ta raɗa wa kowace suna. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, akwai 'Yar Gusau ta farkon shekarun 1940, akwai farin 1972 zuwa 1974, sai ta 1984 wadda mutanen Nijar ke kira El Buhari. Michael Watts ya bi tarihin yunwar Arewacin Nijeriya a littafinsa na 1983, Boureima Alpha Gado kuma ya yi na Sahel a 1993. A irin waɗannan shekaru jama'a kan koma ga jeji: tafasa, ƙwayar ƙarangiya, aduwa, jiga, da anza. Bambancin anza da sauran shi ne tana ba da ƙwaya mai nauyi a ciki, mai maye gurbin hatsi, kuma tana bayarwa ko a shekarar da ruwa ya yi gardama.

A Sudan labarin ya fi fitowa fili. Lokacin yunwar 1984 zuwa 1985 a Darfur da Kurdufan, mukhait na cikin abincin daji da aka fi dogaro da shi. Alex de Waal, wanda ya yi bincike a Darfur, ya nuna a littafinsa na 1989 cewa abincin daji ya riƙe mutane da yawa kafin hatsin agaji ya iso ƙauyukansu, kuma mata ne suka fi sanin inda yake da yadda ake sarrafa shi.

A 2005 anza ta shiga labaran duniya. Fari da farin ɗango sun lalata amfanin 2004 a Nijar, farashin gero ya yi tashin gwauron zabo, kimanin mutum miliyan 3 suka shiga matsalar abinci, musamman a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a wannan shekara. 'Yan jaridar waje sun ɗauki hotunan mata suna tsinkar ganye da 'ya'yan daji, aka nuna wa duniya a matsayin alamar cewa mutane sun kai maƙura. Wahalar gaskiya ce, yara sun mutu. Sai dai hoton ya bar tabo a kan itaciyar da ta taimaka wajen riƙe iyayensu, ya ƙara ƙarfafa tunanin cewa dilo abincin da babu gara ba daɗi ne. A yau akwai gidajen da ake cin sa a ɓoye don kada maƙwabta su ce an gaza.

3.1 Yadda Ake Cire Ɗaci

Ɗanyar ƙwayar anza ba ta ciwuwa. Ɗacinta ya wuce misali, kuma tana da illa ga wanda ya ci ba tare da an sarrafa ta ba. Ilimin sarrafa ta yana hannun mata, kuma ya cancanci a bayyana shi daki-daki.

Mace kan fita da sassafe da ƙwarya ko buhu, ta tsinko 'ya'yan, sau da yawa tun ba su gama nuna ba don kada tsuntsaye su riga ta. Idan ta dawo sai ta baza su a tabarma su sha rana. Bayan sun bushe ta zuba a turmi ta sussuka a hankali, ɓawon ya fashe, ta bakace a faifai, ƙwayar ta fito kore kamar ɗanyen wake. A wannan mataki ƙwayar na iya zama a buhu wata da watanni, ƙwaro ba ya kusantar ta. Ranar da za a ci, sai a jiƙa ta a tukunya ko randa, kullum a tsiyaye ruwan a zuba sabo. Wasu kan fara tafasa ta, wasu su sa ruwan toka ko kanwa don aikin ya yi sauri. Ana ɗaukar kwana uku zuwa mako guda. Ma'aunin ƙarshe harshe ne: uwar gida ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna, idan ɗaci ya fita ta dafa, idan da saura ta sake ruwa. Daga nan ana iya cin sa kamar dafaffen wake da mai da gishiri, ko a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ko a shanya a niƙa a gauraya da garin gero a yi tuwo ko kunu. A wasu wurare ana soya ƙwayar a dafa a sha a madadin gahawa.

A nan babbar matsalar take. Aikin na cin ruwa, kuma ana yin sa ne a ƙauyukan da mace ke tafiya mai nisa kafin ta cika tulu ɗaya, a watannin da rijiyoyi suka yi ƙasa. Gidan da yunwa ta matsa wa kan gajarta kwanakin jiƙon, daga nan ciwon ciki ke biyowa, daga nan kuma sunan guba ya samo asali.

3.2 Abin da Ke Cikin Ƙwayar

An auna ƙwayar anza a ɗakunan gwaji fiye da sau ɗaya. Salih da abokan aikinsa sun wallafa nazarin mukhait na Sudan a 1991, Kim da abokan aikinsa kuma suka wallafa na dilon Nijar a 1997. Sakamakon ya nuna cewa furotin ya kai kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na busasshiyar ƙwaya, sitaci da danginsa kuma wajen kashi 60. Gero da dawa kan tsaya a wajen kashi 10 zuwa 12 na furotin, ke nan dilo ya kusa ninka su. Akwai kuma ma'adanai irin su zinki da ƙarfe, ko da yake dogon jiƙo na wanke wani kaso na abubuwan da ke narkewa a ruwa. Saboda irin wannan shaida ne Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta ware wa itaciyar babi guda a juzu'i na uku na jerin littattafanta kan amfanin gonar Afirka da aka yi watsi da su, wanda ya fito a 2008.

A Damagaram an riga an gwada kai ta kasuwa. Kamfanin Sahara Sahel Foods, wanda Josef Garvi ya kafa, yana sayen ƙwayar daga hannun matan karkara, yana cire ɗacin, yana yin gari da kunu da biskit da ita. Wannan ya nuna cewa idan aka sarrafa ta da tsabta aka zuba a leda mai suna, mutumin birni ma yana saye.

4.0 Ɗacin da Ke Gadin Rumbu

Ɗacin anza yana da suna a kimiyya: gulukokafarin. Yana cikin ganye da 'ya'ya da ƙwaya, kuma ɗan gidan sinadaran nan ne da ke sa mustad yaji. Muddin ganyen na nan lafiya, sinadarin a kwance yake. Da zarar an tauna ko an daka, sai ya haɗu da wani sinadari mai narkarwa da ke ajiye a wani ɓangare na ganyen, nan take wani tururi mai kashe ƙwari ya tashi, wanda ake kira metil aisotayosayanet. Shi ne warin da mai murza ganyen ke ji. Wannan tururi ne kuma ke fita daga wasu magungunan da kamfanoni ke sayarwa don kashe ƙwarin ƙasa.

Manoma sun riga masana gano haka. A Nijar da Sanagal an daɗe ana shimfiɗa ɗanyen ganyen anza a rumbu, a zuba wake, a sake shimfiɗa ganye, a haka har rumbu ya cika. A 1993 Dogo Seck na cibiyar binciken aikin gona ta Sanagal, tare da masana daga Jambulu ta Beljiyam, suka wallafa gwajin da ya tabbatar da dabarar. Sun gauraya dakakken ɗanyen ganye da 'ya'yan anza da wake, kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari na nauyin waken, sai kashi 80 zuwa 100 na manyan ƙwarin wake suka mutu, 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe daga baya ma suka ragu ƙwarai. Masana ƙwari na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai su ma sun yi aiki a kan wannan. Darasin da ya fito shi ne ɗanyen ganye ya fi busasshe aiki, kuma mazubi mai rufi ya fi, domin tururin na gudu idan ya samu kafa.

Muhimmancin wannan ga Nijeriya da Nijar a bayyane yake, domin su ne kan gaba a noman wake a duniya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari na dikulobos da aka samu a ciki, kuma irin wannan wake ne ake ci a gida. Buhunan PICS masu ruɓi uku, waɗanda Jami'ar Purdue ta yaɗa tare da cibiyar INRAN ta Maraɗi daga 2007, sun rage matsalar. Amma ga manomin da buhun bai kai ƙauyensu ba, ko ba shi da kuɗin saye, ganyen anza na bakin gonarsa.

4.1 Magani da Tace Ruwa

Masu maganin gargajiya na amfani da ganye da saiwar anza wajen tsutsar ciki, ciwon ciki da wasu cututtukan fata. A Cadi ana ba masu ciwon sukari ƙwayar, kuma gwajin da aka yi a kan zomaye a Injamena ya nuna tana sauke sukarin jini. Gwajin dabba mataki ne na farko kawai, don haka bai kamata mai ciwon sukari ya ajiye maganin asibiti ya kama dilo ba. A Sudan kuma, Samia Al Azharia Jahn, wadda ta tattara dabarun tace ruwa na gargajiya, ta rubuta cewa ana jefa ɓawo da rassan anza a ruwan tafki mai laka don dattin ya kwanta, kamar yadda ake yi da ƙwayar zogale.

5.0 Noman Anza

Kusan duk anzar da ke Sahel a yau ta Allah ce. Dalilin farko na cikin irin kansa. A 2000 Pascal Danthu da abokan aikinsa a Sanagal suka wallafa nazarin irin itatuwa huɗu, ciki har da anza da kaɗanya, suka gano cewa irin anza na mutuwa idan ya bushe. Gero na iya shekara a rumbu ya tsiro, anza ba ta haka. Ƙwayar da aka shanya don ci ta riga ta mutu a matsayin iri. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa mutane da yawa suka shuka ba su ga tsiro ba, suka yanke cewa itaciyar ba ta shukuwa. Wanda ke son shuka sai ya jira 'ya'yan su nuna sosai, ya wanke naman, ya shuka a cikin 'yan kwanaki. Sa'ar da aka yi ita ce nunarsu na zuwa daidai da saukar ruwa.

Dalili na biyu saiwa ce. Ƙaramar anza kan fara tura saiwa ƙasa kafin ta damu da yin tsawo, don haka leda ta gandun renon itatuwa na takure ta, dashe kuma na ba ta wahala. Gidauniyar Eden, wadda ta kafa tashar gwaji kusa da Tanut a ƙarshen shekarun 1980, ta bi hanyar shuka iri kai tsaye a gona ba tare da reno ko ban ruwa ba, kuma anza na cikin itatuwan da ta yi aiki a kansu da manoma. Inda ƙasa ta zama fako, ana iya haɗa wannan da tassa, wato ramukan da ake zuba wa taki don su tara ruwa, ko da ramuka masu siffar rabin wata, dabarun da suka farfaɗo da gonaki a jihar Tawa.

Dalili na uku jinkirin girma ne. Ana shekaru kafin a ci moriyar wadda aka shuka, kuma a shekarun farko sai an kare ta daga takun dabbobi da bakin hauya.

Saboda haka hanya mafi sauri ita ce a kula da waɗanda ke nan. Tun 1983 Tony Rinaudo ya fara aiki da manoman Maraɗi a kan dabarar da aka fi sani da sassabin zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. An ƙiyasta cewa dabarar ta dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a hekta miliyan 5 na Nijar, kuma a 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo na Barkina Faso. Manoma sun fi barin gawo, kalgo da sabara. Anza na tohowa daga kututture kamar su, ba ta da tsawon da za ta yi wa gero inuwa mai yawa, kuma gindinta na tare rairayi da ganyen da iska ke kwasowa. Manomin da ya san kuɗin buhun dilo a kasuwa ba zai sa mata gatari ba.

6.0 Shawarwari

Na farko, jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram, Sakkwato, Kano da Maiduguri su auna ɗacin itatuwan anza daga yankuna daban-daban. Rogo ma yana da mai ɗaci da mai zaƙi, kuma zaɓen manoma ne ya bambanta su. Ya kamata a fara da tambayar matan da ke tsinka, domin su suka san itaciyar da 'ya'yanta suka fi girma da wadda ta fi saurin sakin ɗaci.

Na biyu, a samar da hanyar jiƙo mai ƙarancin ruwa, tare da ma'auni mai sauƙi da zai nuna cewa ƙwaya ta kai a ci. A kuma gwada ko ruwan jiƙon da ake zubarwa zai yi aikin maganin ƙwari a lambu.

Na uku, hukumomin Babbar Katangar Itatuwa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, su sa anza cikin itatuwan da suke yaɗawa, su kuma tsara tattara iri da shuka a mako ɗaya, tun da irin ba ya jiran kasafin kuɗi ya fito.

Na huɗu, malaman gona da gidajen rediyo su koyar da adana wake da ɗanyen ganyen anza a mazubi mai rufi, tare da gargaɗin a shanya waken ya sha iska kafin a dafa.

Na biyar, idan kasuwa ta buɗe, a tabbatar matan da suka riƙe wannan ilimi ba a ture su gefe ba, a kuma kafa ƙa'idar barin wani kaso na 'ya'yan su nuna a kan itaciya don a samu iri.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa anza itaciya ce mai fure da hunturu, mai 'ya'ya a farkon damina, mai rayuwa a ruwan da bai kai na gero ba. Ƙwayarta ta kusa ninka gero a furotin, ganyenta na kashe ƙwaron wake, kuma an riga an sayar da garinta a Damagaram. Abubuwan da suka tsaya mata a gaba, wato ɗaci, iri mai saurin mutuwa da kunyar ci, kowanne yana da hanyar da za a bi masa. Aikin da za a iya farawa da shi a damina mai zuwa ƙarami ne: kowace tashar bincike da ke da wakili a wannan taro ta yi wa itatuwan anza na kusa da ita alama, ta tattara nunannun 'ya'yansu, ta shuka a tassa cikin mako guda, ta kuma rubuta adadin da ya tsiro da wanda ya kai ƙarshen rani.